Tarihin Gida Mai Wayo da Matsayinsa Wajen Tsimin Ruwa da Wuta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wani tunani da ya daɗe yana yawo a ƙasashen Turai da Amurka, ya kuma fara leƙowa biranenmu, watau tunanin gina gidan da zai riƙa lura da kansa da kansa. Irin wannan gida shi ne wanda aka ɗora wa na'urori masu ji da aunawa, su kunna fitila su kashe, su daidaita ɗumi ko sanyin ɗaki, su ƙirga ruwan da ya bi ta famfo, sa'an nan su aika wa mai gida labari ta wayarsa ta hannu. A cikin wannan takarda zan kira shi gida mai wayo. Da gangan na zaɓi kalmar wayo maimakon hankali ko basira, domin a Hausa wayo iri biyu ne. Akwai wayon da ake yabon yaro da shi, akwai kuma wayon da ake yi wa mutum. Za mu ga cewa tarihin wannan gida bai rasa kowanne daga cikinsu ba.

Masu sayar da waɗannan na'urori sukan ce da su ne za a rage ɓarnar ruwa da makamashi a gidaje, har a bar wa na baya abin da za su tarar. Wannan magana ce babba, kuma tun da yake an shekara fiye da hamsin ana gwada ta, ya kamata a tambayi tarihi. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafawa da hujjoji, shi ne tsimi na haƙiƙa ya samu ne a wuri biyu: inda aka gyara jikin gida da kayan cikinsa ta yadda ba su iya ɓarna ko da an so, da kuma inda aka sa mai gida ya ga abin da yake kashewa da idonsa. Inda kuwa aka ce na'ura ta yi tunani a madadinsa, sau da yawa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

2.0 Asalinsa neman hutu ne

Tilas mu fara tuna cewa a ƙasashen sanyi babban abin da ke cin makamashi a gida ba fitila ba ce, ba kuma girki ba, ɗumama ɗakuna ne. A Turai wannan kaɗai yana cinye fiye da rabin makamashin da magidanta suke saye. Saboda haka na'urar da ta cancanci a kira ta kakar gida mai wayo ita ce na'urar daidaita ɗumi.

Warren Johnson, wanda ake yawan danganta ta da shi a Amurka, malami ne a wata kwalejin horon malamai a garin Whitewater ta jihar Wisconsin. A zamaninsa da wani babban murhu da ke ƙarƙashin gini ake ɗumama azuzuwa, kuma mai kula da murhun yakan bi aji-aji yana leƙawa ya ji ko zafi ya yi yawa, yana katse wa malamai darasi. A 1883 Johnson ya yi rajistar wata na'ura wadda idan ɗumin aji ya wuce ƙima, ko ya gaza, sai ta kaɗa ƙararrawa can wajen mai murhu, shi kuma ya buɗe ko ya rufe mashigar iska. Mu da muke koyarwa a irin waɗannan kwalejoji muna iya ɗan yin alfahari da wannan, ko da yake abin da ya tunzura abokin aikin namu haushin katse darasi ne. Bayan shekara biyu zuwa uku Albert Butz na birnin Minneapolis ya fitar da mai murhun daga lissafi, domin tasa na'urar ita da kanta take ɗaga murfin mashigar iska ta sauke. Daga kamfanin da Butz ya kafa ne kamfanin Honeywell ya samo asali.

Da kwamfuta ta bayyana sai mafarkin ya ƙara faɗi. A 1966 wani injiniyan kamfanin Westinghouse mai suna Jim Sutherland ya harhaɗa wata kwamfuta a gidansa a yankin Pittsburgh, ya sa mata suna ECHO IV. Tana riƙe lissafin kuɗin iyali, tana daidaita ɗumin gida, tana kunna wasu kaya ta kashe. Sai dai ita kanta tana shan wuta kimanin kilowat 3, watau kamar a jona dutsen guga uku a bar su. A 1969 kuma kantin Neiman Marcus ya tallata wata kwamfutar ɗakin girki ta Honeywell a kan dala 10,600, aikinta adana bayanin yadda ake dafe-dafe, kuma babu shaidar an sayar da ko guda ɗaya. Abin da ya fara shiga gidajen talakawan Amurka shi ne tsarin X10, wanda kamfanin Pico Electronics na garin Glenrothes a Sikotland ya ƙirƙiro a 1975, ya shiga kantuna a 1978. Hikimarsa ita ce yana aika umarni ta cikin wayoyin wutar da ke jikin bango, ba sai an ja sababbi ba, kuma yana iya bambance kaya har 256. Sunan da Turawa suke kiran irin wannan gida da shi kuwa ya bazu ne daga 1984, sa'ad da ƙungiyar magina gidaje ta Amurka ta ɗauke shi ta raɗa wa wani shiri nata.

In an lura, duk wannan layi na tarihi abu ɗaya yake bi, watau kada mutum ya tashi daga kujera. Maganar tsimi daga wata ƙofa dabam ta shigo.

3.0 Darasin Twin Rivers

A watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta mai. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Mu a Nijeriya wannan shi ne ya buɗe mana ƙofar wadatar da manyanmu suke ba da labari, amma ga magidancin Amurka ranar ce ya fara sanin cewa ɗumin ɗakinsa yana da farashi. Har ta kai a watan Fabrairu na 1977 Shugaba Jimmy Carter ya fito a talabijin sanye da rigar sanyi, yana roƙon jama'a su sauke na'urorinsu zuwa kimanin digiri 18 na ma'aunin Salshiyas da rana, 13 da dare.

A daidai wannan lokaci ne aka gudanar da binciken da, a ganina, ya fi kowanne muhimmanci a wannan fage, ko da yake 'yan kasuwa ba su cika ambatonsa ba. Tun 1972 wasu masana na Jami'ar Princeton, cikinsu har da Robert Socolow, suka zaɓi wata sabuwar unguwa mai suna Twin Rivers a jihar New Jersey suka mai da ita ɗakin gwaji. Dalilin zaɓen shi ne gidajen unguwar magini ɗaya ne ya gina su a jere, fasali ɗaya, girma ɗaya, murhu iri ɗaya. Bisa ƙa'idar injiniyoyi, kamata ya yi su sha makamashi daidai wa daida. Da aka auna sai aka tarar wani gida yana shan ninki biyu na abin da irinsa yake sha. Aka kuma bi gidajen da masu su suka tashi wasu suka tare, sai aka ga cin makamashin gida yakan sauya da sauyin mazaunansa. Ashe ba a jikin bango kaɗai bambancin yake ba, yana ga halin mutanen da ke ciki.

Wannan ya jawo masana halayyar ɗan Adam cikin aikin. Clive Seligman da John Darley suka yi wani gwaji mai sauƙi ƙwarai da bazara, lokacin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki. Suka raba gidaje kashi biyu. Kashi ɗaya ana karanta mitarsu kusan kullum, a liƙa musu sakamakon inda za su gani daga ɗakin girki, ɗaya kashin kuwa ba a gaya musu kome. A rahoton da suka buga a 1977, waɗanda ake nuna wa sun rage shan wuta da kimanin kashi 10 cikin ɗari. A wani gwajin kuma aka sa wata 'yar shuɗiyar fitila a ɗakin girki, wadda takan riƙa ƙyaftawa idan iskar waje ta yi sanyi alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, watau tana cewa a kashe a buɗe taga. Wannan ta kawo ragin kimanin kashi 15 cikin ɗari. A lura fa, fitilar ba ta kashe kome. Nuni kawai take yi, mai gida ne yake miƙa hannu.

Su kuwa injiniyoyin ba su zauna ba. Suka ɗauki gida suka toshe kafofin da iska ke kurɗawa, suka shimfiɗa abin riƙe ɗumi a rufi da ƙarƙashin gini, suka gyara tagogi. Makamashin ɗumama gidan ya ragu da kimanin kashi biyu cikin uku, ba tare da wata kwamfuta ba, ba kuma tare da an roƙi kowa ya sauya halinsa ba. An tattara sakamakon duka a littafi a 1978. Wanda ya taɓa wuni a cikin soron ƙasa mai kaurin bango a watan Afrilu, ya kuma wuni a ɗakin bulo mai rufin kwano, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

4.0 Sa'ad da aka ba na'ura ragama

Masana'antu ba su bi wannan darasi ba sosai, domin toshe kafa da kaurin bango ba haja ba ce da za a jera a kanti. Abin da suka fitar shi ne na'urar daidaita ɗumi mai jadawali, wadda mai gida zai shirya mata sa'o'in mako, ta rage wuta idan an fita aiki ko an kwanta. A takarda lissafin ya fita sarai, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta riƙa liƙa mata tambarin Energy Star daga 1995. Amma a ƙarshen 2009 hukumar ta janye tambarin, domin ba a iya nuna cewa gidajen da ke da ita sun fi sauran tsimi ba. Binciken da Alan Meier da abokan aikinsa na ɗakin bincike na Lawrence Berkeley suka yi ya gano dalili: kusan rabin na'urorin da suka duba masu su sun danne jadawalin sun bar su a kan ɗumi ɗaya dare da rana, saboda shirya su yana da wuyar sha'ani.

Sai aka ce to, tun da mutum ya kasa koyon na'ura, bari na'ura ta koyi mutum. A kan wannan ne Tony Fadell da Matt Rogers, tsofaffin ma'aikatan Apple, suka fito da Nest a 2011. Tana lura da sa'o'in da ake murɗa ta, tana jin motsin mutane, ta shirya wa kanta jadawali. A farkon 2014 Google ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3.2. A 2015 kamfanin ya ba da sanarwar cewa masu amfani da ita suna rage kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na ɗumama gida, da kashi 15 na sanyaya shi. Ba na cewa ƙarya suka yi, amma mai haja ne yake yabon hajarsa, kuma waɗanda suka sayi na'urar da kuɗinsu tun farko mutane ne masu sha'awar abin. A 2022 wasu masana tattalin arziki biyar, cikinsu har da John List da Robert Metcalfe, suka fitar da sakamakon gwaji a kan gidaje fiye da 1,300 a Kalifoniya, inda aka raba wata na'ura mai wayo ta hanyar ƙuri'a aka bi mitocinsu wata 18. Ba su sami wani ragi na a zo a gani ba, a wuta ko a gas. Da suka duba bayanan da na'urorin suka adana sai suka ga duk sa'ad da na'ura ta rage, mai gida yakan zo ya mayar. Akwai wasu binciken da suka sami ɗan ragi, amma tazarar da ke tsakanin alkawari da abin da mita ta nuna ba ta ɓoyuwa.

Akwai kuma hasara biyu da ba a cika sa su a lissafi ba. Ta farko, na'urar da ke jiran umarni daga intanet ba ta barci. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2013 kayan da ke haɗe da intanet sun sha wuta kimanin kilowat-awa biliyan 616, kuma wajen biliyan 400 daga ciki ɓarna ce, yawanci a zaman jira. Ta biyu ita ce gajartar rai. Tsohuwar na'urar Honeywell mai siffar da'ira, wadda ta fito a 1953, takan shekara da shekaru a jikin bango tana aiki. Amma a 2016 kamfanin Nest ya kashe kwamfutocin da ke ciyar da wata na'urar sarrafa gida mai suna Revolv, wadda mutane suka saya a kan kimanin dala 300, nan take ta zama kwanko. A 2025 Google ya yanke samfurin Nest na farko da na biyu daga manhajar waya. Abin da kamfani zai iya kashewa daga nesa, a tilasta wa mai shi sayen sabo, da wuya a kira shi mai ɗorewa.

5.0 Ɓangaren ruwa

Tarihin ruwa ya bi kusan wannan sawu. Babban tsimin da aka samu a gidajen Amurka wata doka ce ta 1992 ta kawo shi, wadda ta hana sayar da masan zamani mai zubar da fiye da kimanin lita 6 a kowane kora, alhali na da yana zubar da lita 13 ko fiye. Tun 1980 ma kamfanin Caroma na Ostireliya ya fito da mai madanni biyu, ƙarami da babba. Manyan binciken da aka buga a 1999 da 2016 a kan gidajen Amurka da Kanada sun nuna ruwan da gida ke sha a ciki ya ragu da kimanin kashi 22 cikin ɗari, kuma yawancin ragin daga masai ne da injin wanki. Binciken ya kuma nuna fiye da kashi ɗaya cikin goma na ruwan cikin gida yoyo ne yake tafiya da shi. A nan ne mita mai wayo take da aikin da babu mai musunsa, domin idan ta ga ruwa yana tafiya da ƙarfe uku na dare, kowa yana barci, ta san akwai inda ya fashe. Haka nan awo kansa yana da tasiri. A gwajin da aka yi a Ingila daga 1989 zuwa 1993, tsibirin Wight da aka sa wa kusan kowane gida mita ya rage shan ruwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, mai mutane wajen miliyan 4. Bayan damina uku a jere ba ruwan kirki, daga 2015 zuwa 2017, madatsun ruwan birnin suka kusa ƙafewa. Hukuma ta ce idan suka sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari za a rufe famfunan gidaje, kowa ya bi layi a ɗaya daga wurare 200 ya karɓi lita 25. Aka tsai da ranar a cikin Afrilu na 2018. Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, watau jarka biyu ta 'yan garuwa, sha da wanka da wanki da bayan gida duka a ciki. Birnin da ke shan lita biliyan 1.2 a yini a 2015 ya sauko zuwa lita miliyan 500 da 'yan kai, kuma ranar ba ta zo ba har ruwa ya sauka a watan Yuni.

Me ya kawo wannan? An rage ƙarfin ruwa a cikin bututu, an tsauwala farashi, an karkatar da wani kaso daga gonaki. A cikin gidaje kuwa bokiti ne ya yi aiki, ana tare ruwan wanka a kora masai da shi. Amma abin da ya haɗa kan jama'a shi ne awo a bainar jama'a. Kowane mako ana shelar abin da ya rage a madatsai da abin da gari ya sha, kuma a Janairun 2018 hukuma ta sa wata taswira a intanet mai nuna koren ɗigo a kan gidajen da ba su ƙetare iyaka ba, kowa yana iya duba na maƙwabcinsa. An yi suka a kan tona asirin gida, kuma sukar tana da hujja. Na'urori masu wayo sun taka tasu rawar, alal misali mitar Dropula da Farfesa Thinus Booysen na Jami'ar Stellenbosch da ɗalibansa suka ƙera, wadda aka sa a makarantu ta tona yoyon dare. Amma ita ma nuni ta yi, masu gyaran famfo ne suka toshe.

6.0 Mita mai kati, da tambayar tsimin wa ake yi

Na'ura mai wayo da ta fara shiga gidajen Afirka da yawa ba ta daidaita ɗumi ba ce, mita ce ta biya-kafin-ka-sha. Tana da kaka a Ingila, inda tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sa wa gidajen leburori mitar gas wadda sai an jefa kwabo take saki. Sabon salonta kuwa daga Afirka ta Kudu ya fito. Kamfanin wuta na Eskom, da ya tashi kai wuta unguwannin baƙar fata daga 1988, ya ga karanta mita da karɓar kuɗi a can zai yi wuya, saboda haka ya rungumi wannan hanya, kuma a farkon shekarun 1990 aka daidaita tsarin lambobi 20 ɗin nan da muke dannawa. Ko a Italiya, inda kamfanin Enel ya sa mitoci masu wayo wajen miliyan 30 daga 2001 zuwa 2006, babbar ribar ta kamfani ce: karanta mita daga ofis, kama satar wuta, da yanke wanda bai biya ba, ba tare da an tura ma'aikaci ba.

A nan ne wayo na biyu ya fito fili. A unguwar Phiri ta Soweto, hukumar birnin Johannesburg ta sa mitocin ruwa masu kati a ƙarƙashin wani shiri mai suna Gcin'amanzi, watau tsimin ruwa da harshen Zulu. Kowane gida yana samun lita 6,000 kyauta a wata, idan ta ƙare famfo ya ƙulle kansa. An yi lissafin ne a kan mutum takwas, lita 25 kowanne a yini, alhali akwai gidajen da mazaunansu da 'yan haya sun ninka haka. Unguwannin masu hali kuwa aka bar su suna sha bashi, a ba su sanarwa kafin a yanke. Mazauna biyar suka kai ƙara, shari'ar da aka sani da sunan Mazibuko. A 2008 Babbar Kotu ta ba su gaskiya, amma a Oktoban 2009 Kotun Tsarin Mulki ta ce shirin hukuma bai saɓa doka ba. Ingila kuwa tun 1999 ta haramta yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi, har da yin hakan ta hanyar na'ura. Na'ura ɗaya ke nan, hukunci biyu.

Ba ina nufin mita mai kati sharri ce zalla ba. A Yamai, daga 2016, wani kamfanin Faransa mai suna CityTaps ya gwada irinta tare da kamfanin SEEN da ke raba ruwan birnin a lokacin, ana biya kaɗan-kaɗan ta wayar hannu. Ga magidancin da abincinsa na yini ne, wanda ba ya iya tara kuɗin wata, wannan tana iya raba shi da ruwan garuwa wanda ya fi na famfo tsada nesa ba kusa ba. A Nijeriya ma jama'a ne suke neman mitar da kansu, domin kuɗin ƙiyasi ya ishe su, kuma har ƙarshen 2023 fiye da rabin masu rajista da kamfanonin raba wuta ba su da mita. Kowa a cikinmu ya ga bambancin gidan da ake kawo wa takardar ƙiyasi, inda ƙwan fitila ke ci da tsakar rana, da gidan da lambobi ke raguwa a gaban idon mai gida, inda ake bin yara a kashe fanka. Wannan shi ne gwajin Seligman da Darley, an maimaita shi a unguwanninmu ba tare da an shirya ba. Sai dai a yi hattara wajen kwatance, domin uwar gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka ta riga ta san ƙidayar kowane moɗa, ba na'ura take jira ta koya mata tsimi ba. Inda ɓarna take a wurinmu shi ne gidaje masu rijiyar burtsatse, inda tankin sama kan cika ya yi ta ambaliya har sai wani ya tuna da makunni, kuma maganin wannan 'yar na'ura ce mai yawo a kan ruwa, ta kashe injin idan tanki ya cika, ba ruwanta da intanet.

Wani abu da ya faru kwanan baya ya nuna a hannun wa linzamin mitar yake. Kowace lamba 20 da aka saya tana ɗauke da hatimin lokaci, domin kada a yi amfani da ita sau biyu, kuma hatimin yana ƙirga mintoci ne tun daga 1 ga Janairu, 1993. Gurbin da masu tsarin suka ware masa ba ya ɗaukar fiye da mintoci 16,777,216, waɗanda suka cika ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Saboda haka sai da miliyoyin magidanta a Nijeriya da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe suka karɓi wasu lambobi biyu na musamman daga kamfanoninsu suka danna, aka mai da mafarin ƙirgen zuwa 2014. Wanda bai danna ba, mitarsa ta daina karɓar sabon kati ko da kuɗinsa a hannu. Sabon ƙirgen kuma zai cika a 2045.